Guzurin Goggo Hilda a Tashar Ruwa ta Huɗu

Leeds, 9 ga Fabrairu

Goggo Hilda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin, yaya hawan jinin? Ina fata shan maganin kike yi, ba ajiye shi kike a kan firji kina kallo ba. Ni lafiya lau, sai aikin asibiti da sanyin garin nan da ya ƙi ƙarewa.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Sunana ya fito a tseren hamadar Maroko da nake ta ba ki labari. Shekara uku ina nema. Kilomita ɗari biyu da hamsin ne a ƙasa, cikin kwana shida. Kamar ki tashi daga Gombe ki isa Bauchi, ki juyo har ki wuce rabin hanyar dawowa.

Ga yadda abin yake. Masu tseren ruwa kawai suke bayarwa, sai tantin kwana da likita. Duk sauran a bayanka yake: abincin kwana shida, bargon barci, 'yar tukunya, fitilar goshi, usur, madubi na kiran taimako, da ƙwayoyin gishiri. Ana auna jaka kafin a tashi, kada ta gaza kilo shida da rabi, kada ta wuce goma sha biyar. Tawa tara nake so ta tsaya, har mariƙin buroshin haƙorina na yanke don ya rage nauyi. Kowane abinci sai da takardar kamfani a jikinsa mai nuna ƙarfin da ke ciki, don haka don Allah kada ki aiko mini da komai, ba za su bari ya shiga jaka ba. A hanya akwai tashoshin ruwa, a huda maka kati a ba ka gora. Ana rubuta lambarka a gorar da murfinta, in aka tsinci ɗaya a yashe a ƙara maka lokaci. Raƙuma biyu suna bin bayan na ƙarshe, duk wanda suka wuce shi ya fita.

Babu waya a can. Amma za ki iya rubuto mini a shafinsu na intanet, su buga a takarda su kawo tanti da yamma. Za ki kuma ga ɗigo a taswira yana tafiya, ni ce. Na haɗo miki cikakkun dokokin.

Abu ɗaya ban faɗa wa kowa ba sai ke. Likitan ƙashi ya ce gwiwar dama za ta kai ni wannan, amma a watan Yuni za a yi mini aiki, daga nan babu sauran dogon gudu. Shekarata arba'in da uku. In ban gama wannan ba, ba ni da na biyu.

Taki,
Millicent

Federal Low-Cost, Gombe, 20 ga Fabrairu

Millicent,

Na gode Allah da kike lafiya. Ni ma da sauƙi, sai dai wasiƙarki ta mayar da jinin inda ya fito. Matan zumunta suna gaishe ki, na kuma sa sunanki a addu'ar Laraba, ko da yake da suka tambaye ni ciwon me kike yi na rasa amsa.

Ke yanzu fisabilillahi! Mutane suna gudun rana, ke kin ƙetare teku ki je nemanta? Ubanki Nehemiah ɗan ƙanen babana ne, tare muka tashi, na san taurin kansa, amma ko shi bai taɓa cewa zai yi tsere da raƙumi ba. Shekara talatin da biyu ina buga takardu a sakatariya, na buga na hankali na buga na shirme, ban taɓa cin karo da takardar da ta ce mutum ya yanke buroshinsa ba.

To amma na karanta maganar gwiwar sau uku. Na tuna ki kina 'yar sakandare, ƙafa ba takalmi, kin bar 'yan matan Kaltungo da na Billiri a baya kina waiwayensu kina dariya. Ba zan hana ki ba. Ki je, Allah ya kai ki ya dawo da ke.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abincin. Na ga hoton da kika turo. Garin nan na cikin leda da ake zuba wa ruwa, shi za ki ci kwana shida? Ko kajina ba zan ba su ba. Tun da nake ban taɓa ganin ɗan gidanmu ya kama doguwar hanya ba guzurin gida ba. Kin ce ba za su bari ya shiga jaka ba. To, na ji.

Dokokin naki shafi talatin da huɗu ne, da ƙananan rubutu kamar tururuwa. Na sa an buga mini su, suna nan a kan tebur. In sabon tabarau ya zo zan duba.

Goggonki,
Hilda

Federal Low-Cost, 1 ga Afrilu

Alhaji Bamanga,

Barka da shan ruwa, an yi Sallah lafiya? Ina gaida Hajiya Jumma da duk mutanen Nasarawo. Na san mun yi magana baki da baki, amma na san ka da mantuwa, shi ya sa na rubuta na manna a jikin jakar.

Tunda Allah ya sa ziyararka ta birnin Fas na Maroko ta faɗo daidai da tseren yarinyar nan Millicent, ba ka da hanyar zillewa. Kai da marigayiya Becky mahaifiyarta 'ya'yan ya da ƙanwa ne, Kawu take ce maka, rabonka da ita kuwa tun jana'izar uwar.

A jakar akwai dambun nama na kilo biyu, da dakuwa, da ƙuli-ƙuli mai yaji, da garin kunun gyaɗa. Kunun ka sa a dama maka da safe a zuba a filas. Ranar Laraba tara ga wata suke yin doguwar tafiyar, kilomita tamanin da biyu a jere. Ranar nake so ka tare ta a tsakiyar hanya, lokacin da cikinta zai fi ƙugi. Ka ce kana da direba a can wanda ya san kudu kamar tafin hannunsa, to ya tambaya, ba a ɓoye mutum dubu a fili. Lambarta 614.

Kada ka gaya mata. Kuma in ta fara noƙe-noƙen nan nasu na Turai, ka daka mata tsawa. Kai babba ne, ba za ta mayar maka da hannu ba.

Allah ya karɓi ziyara.
Hilda

Sansani na biyu, Litinin 7 ga Afrilu

Goggo, layi kaɗan suke bari mu rubuta, don haka a gajarce. Ina lafiya. Kwana biyu sun wuce, kilomita sittin da tara. Ƙafafuna sun yi bororo huɗu, likita ya fasa ya naɗe. Gwiwa tana magana amma ba ta ɗaga murya ba. Mu takwas ne a tanti, wata 'yar Japan mai shekara sittin tana wuce ni kullum tana ba ni haƙuri. Yau an cire wani Bature ƙato, kuka yake kamar yaro. Raƙuman ban gan su ba, ba na kuma son ganinsu. Kin yi gaskiya a kan garin ledar. Jiya na yi mafarkin dambunki. Ki ci gaba da addu'a.
M.

Federal Low-Cost, Talata 8 ga Afrilu

Millicent, 'yata,

Ba gaisuwa yau. Ki karanta wannan da kyau.

Maganar Baturen da aka cire ce ta sa na ɗauko dokokin, in ga me yake sa a cire mutum. Na kai shafi na ashirin da shida. Doka ta goma sha tara. Duk wanda ya karɓi abinci ko abin sha ko wani taimako daga hannun wanda ba ya cikin tseren, an kore shi nan take. Wayyo ni Hilda!

Na aiko Kawunki Bamanga da guzuri. Yana Maroko. Gobe zai tare ki a hanya da dambu da kunu. Ni na shirya, ni na ce kada ya gaya miki, ni na ce ya yi miki tsawa in kin ƙi. Tun azahar nake kiransa. Layinsa na gida ba ya aiki a can, sai ya shiga masauki mai intanet ake samunsa, Hajiya Jumma kuma ta ce tun jiya ya bar Fas ya yi kudu. Na hau keke har Nasarawo, mun kira duk wanda suka tafi tare, ba wanda yake da lambar direban.

Don girman Allah kada ki karɓa. Ko ya yi fushi, ko ya kira sunan uwarki, kada ki miƙa hannu. Ki bar ni da shi, ni zan je in durƙusa.

Sun rubuta a shafin cewa saƙon da ya shigo bayan sha biyun rana sai washegari ake bugawa. Yanzu ƙarfe biyar. Ya Ubangiji, ka sa wani ya yi kuskure ya buga wannan yau.

Hilda

Federal Low-Cost, Laraba 9 ga Afrilu

Millicent,

Tun safe nake gaban kwamfuta. Na ga ɗigonki ya tashi, ya wuce tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Kowace ba ki fi minti goma ba. Ƙarfe uku da rabi kika isa ta huɗu, wadda take gefen wani ƙauye. Da na ga ƙauyen, na ga hanyar mota ta shiga cikinsa, na san a nan Kawunki zai tare ki.

Ɗigon ya tsaya. Huɗu ta yi. Huɗu da rabi. Na ga ɗigon wasu suna zuwa suna wucewa, naki yana nan kamar an kafa ƙusa. Da biyar ta gota na rufe kwamfutar na yafa mata zane. Ba zan iya kallon lokacin da za su sa ki a mota ba.

Na san abin da ya faru. Mu muka koya miki. Tun kina ƙarama, in babba ya miƙo miki abu kika sa hannu ɗaya sai kin sha ranƙwashi, balle ki ce ba ki so. Tsoho ya taso tun daga Gombe da jaka a kafaɗa, ina za ki iya?

Shekara uku kina nema, shekara biyu kina gudu cikin sanyi bayan kin tashi aiki, ni kuma na rushe shi da ƙuli-ƙuli. Takardar tana kan teburina wata ɗaya da rabi. Tabaraun ma ya zo tun Maris, ƙyuya ce kawai da ganin na fi kowa sani. Ba na neman ki yafe mini yanzu. Na kashe wayata, don ban san da wace murya zan amsa miki ba.

Hilda

Warzazat, Maroko, Asabar 12 ga Afrilu

Goggo Hilda,

Gaisuwa. Ina fata kin ci abinci, don na san ki, in ranki ya ɓaci sai ki hukunta cikinki. Na kira ki sau bakwai waya a kashe. To tunda wasiƙa kika fi ji, ga ta. Ina zaune a masauki, ƙafafuna cikin roba da ruwan gishiri, kuma akwai lambar yabo a wuyana. Na gama, Goggo. Ba a kore ni ba. Na zo ta ɗari biyar da tamanin da ɗaya, da ƙafata na shiga. Ki cire zanen nan daga kan kwamfuta.

Wasiƙunki biyu sai ranar Alhamis da yamma suka same ni, a tare, don ba a raba saƙo ranar doguwar tafiya. Na karanta ina dariya ina hawaye har 'yar Japan ta taso ta taɓa goshina. Don haka ranar Laraba ban san komai ba.

Na iso tasha ta huɗu ba na gani sosai. Kilomita arba'in da shida tun safe, zafi ya kai inda ruwan gorata ya zama kamar na wanka. Na miƙa kati a huda ke nan sai na ji an ce, "Milli! 'Yar Becky!" Na ce shi ke nan, rana ta taɓa mini kai. Na juya. Ga tsoho a gindin katangar ƙauyen, babbar riga fara, hula zanna, carbi a wuya, jaka mai zanen akwati-akwati a gabansa, filas a hammata. Kamar an ɗauko shi daga bakin babbar kasuwar Gombe an dire.

Ban san lokacin da na isa gabansa na durƙusa ba. Ya ce, "Kai, kai, kai! Haka suka mayar da ke? Duk kin zama ƙashi." Kafin in gama gaishe shi ya zuge jakar. Goggo, ƙanshin dambun nan! Kwana huɗu ina cin garin leda. Ya tsiyaya kunu a murfin filas, yana tururi, ya miƙo.

Kin yi gaskiya, hannuwana sun tafi da kansu, duka biyun. Sai na hango matar da take kula da tashar ta taso da allon rubutunta, ta tsaya tana kallonmu. Na janye hannuwan na kai su baya na riƙe ɗaya da ɗaya.

Na ce, "Kawu, ka yi mini rai, ba zan iya karɓa ba."

Ya ce, "Ba za ki me ba?"

Na sake faɗa. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Awa goma sha huɗu na yi a mota. Hilda ta gaya mini za ki yi wannan. Karɓi nan, kada ki sa in yi miki faɗa a gaban Turawa." Ya matso da murfin har tururin yana taɓa fuskata. Wallahi Goggo, hawan tudun yashin hamadar nan bai kai wannan wuya ba. Kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Kawu, alkawari na ɗauka kafin in tashi. Daga Lahadi zuwa Juma'a ba zan ci komai ba sai abin da na ɗauko a bayana. Ko kurɓi ɗaya na yi, duk wahalar kwana huɗun nan ta tashi a banza, kuma ba ni da ramuwa."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Can ya ce, "Ko kurɓi ɗaya?" Na ce ko ɗaya. Ya ce, "Ko ba wanda ya gani?" Na ce ko ba wanda ya gani.

Sai ya ja da baya da sauri, ya ce, "Subhanallahi! Ashe azumi kike yi. Hilda ba ta gaya mini ba. Ni da girmana na zo ina kaɗa wa mai azumi abinci a hanci!" Ya mayar da kunun cikin filas, ya zuge jakar, ya kinkime ta ya kai bayan katanga inda iska ba za ta kawo mini ƙanshin ba. Ya dawo yana ta ba ni haƙuri, shi da ya sha hanya. Ya ce, "To yaushe ne shan ruwan?" Na ce jibi, a ƙarshen hanya. Ya ce, "Tashi ki tafi, kada in ɓata miki lokaci."

Daɗewar da kika ga ɗigona ya yi, ba korata aka yi ba. Matar ta ce dole ta rubuta rahoto, tunda an ga baƙo ya tare ni da kaya. Ta yi ta magana da manyansu ta rediyo, aka nemo shaidu biyu da suka ga hannuwana a baya, direban Kawu yana fassara masa. Ana cikin haka likita ya ga yadda nake taka ƙafa ya ce sai ya sake naɗe ta. Kawu kuwa ya tambaya ko su ma'aikatan ma azumin suke yi. Da aka ce a'a, ya ɗebo musu dakuwa. Matar da ta sa hannu a takardar wanke ni, da dakuwarki a bakinta ta sa. Ta ce in tambayo mata yadda ake yi.

Sauran hanyar ba zan ɓoye miki ba, na sha wuya. Gwiwa ta kumbura ranar Alhamis. Ranar Juma'a, kilomita goma na ƙarshe da sanduna biyu na ja su, sau ɗaya na waiga na hango raƙuman can nesa na ce musu ba yau ba.

Bayan la'asar na hango tutocin ƙarshe. Mutane suna ta ihu da tafi, ni kuwa farar riga nake nema. Yana nan a bayan igiya, jakar a gabansa. Direban ya gaya mini daga baya cewa kwana biyun nan a ƙauyuka suka kwana, kuma Kawu bai bari an buɗe dambun ba ko da shi kansa ya gaji da burodi da zaitun. Na taka layin, aka rataya mini lambar, aka huda katin na ƙarshe. Bai motsa ba. Sai da ya kira wani ma'aikaci da hannu, ya nuna ni, ya nuna bakinsa, mutumin ya yi dariya ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga igiyar ya shigo.

Bai fara da jakar ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da dabino uku, ya ce, "Ba a buɗe baki da nama. Bismillah, 'yar Becky. Allah ya karɓa."

Na durƙusa a kan gwiwar da ta rage mini. Da hannu biyu na karɓa, Goggo.

Taki,
Millicent